Eriyar da Aka Yanke Ranar Makoki

Maigidana ya yi shekaru yana aikin waya, yana hawan falwaya daga wannan gari zuwa wancan, har ciwon gwiwa ya sauko da shi. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu a takarda ba. Malam nake ce masa.

Da ya ajiye aiki sai muka dawo Kazaure, gidan mahaifinsa da ke gindin dutse. A shekarun ne kuɗin mai ya fara shigowa. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi sabuwar rediyo ya tura tsohuwar ƙarƙashin gado. Tsofaffin nan Malam yake bi gida-gida yana karɓa. Sai ya zauna a ɗakin da ke kusa da nawa ya feɗe su, ya ciro 'yan kayan cikinsu ya zuba a gwangwanayen madara, kowane iri da gwangwaninsa. Abin da bai samu ba ya ba direba saƙo a sayo masa a Kano. Da wannan tarkace ya haɗa akwatin da ake ji da shi, ake kuma magana da shi. Mutanen unguwa oba-oba suke kiransa, shi kuwa ba ya son sunan.

"Oba-oba ta 'yan sanda ce," in ji shi. "Wannan akwatina ne, kuma ga takardar izinina."

Ni karatuna bai wuce firamare ba. Da fari aikina hura gawayi ne, don lantarki bai iso unguwarmu ba, a garwashi ake gasa ƙarfen da ke narkar da dalma. Daga baya hannun Malam ya fara rawa. Ni kuma na saba da allura, ɗinkin hula nake yi tun ina budurwa. Sai ya zama shi ke nunawa da tsinke, ni ke ɗiga dalmar. Ni ke naɗa siririyar waya a jikin guntun gora, shi yana ƙirga zagayen. In na yi kuskure ba ya faɗa, sai dai ya ce, "Warware, bai zauna ba." Ban san dalilin kowane abu ba, amma na san mazaunin kowane abu, na kuma san warin abin da ya ƙone.

Malam bai iya riƙe abu shi kaɗai ba. Ya haɗa ƙananan akwatuna ya ba wani malamin asibiti a Babura, da malamin makaranta a Roni, da wani malamin gona a Gwiwa, ya tsaya musu har suka sami izini. Nasu ƙanana ne, iyakarsu su gaisa da Kazaure su tambaya ko an yi ruwa. Na Malam ne kaɗai ke tsallake iyaka.

A can bayan iyakar yake da aboki. Wani dattijo ne, shugaban masu haƙa rijiyoyi a arewa mai nisa, cikin ƙasar da muke kira Faransa a lokacin. Ba su taɓa ganin juna ba. Mutumin ba shi da mazauni ɗaya, in sun gama rijiya sai su naɗe tantinsu su yi gaba. A iska suka haɗu, yana fama da wani tsohon akwati mai nauyi da ke shanye batir kafin a gama gaisuwa. Malam ya ce zai koya masa ya haɗa mai sauƙi irin nasa. Babu hanyar aika zane, sai ya riƙa faɗa masa da baki, kowace Juma'a da hantsi, ranar da ma'aikatansa ke hutu.

"Ƙafar hagu ta tafi wurin naɗin waya. Ta tsakiya ta sauka ƙasa. Maimaita mini."

Shi kuma ya maimaita da Hausarsu ta can. Rani guda suka yi a haka. Ranar da sabon akwatin mai rijiya ya yi magana, Malam ya fito tsakar gida ba hula yana dariya, ya ce in dafa shinkafa.

Malam ya rasu a ƙarshen sanyi, bayan gajeriyar jinya. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Aka yi zaman makoki a ƙofar gida, mutanen Babura da Roni da Gwiwa duk suka zo. 'Ya'yanmu mata biyu suka kwana biyu suka koma ɗakunansu. Na shiga takaba. Yayarsa, wadda kowa a gidan ke kira Goggo, ta kawo tabarmarta ɗakina don ta taya ni zama. Ƙaninsa kuma, da muke ce wa Auta, mai sayar da fata a Roni, yana zuwa a kai a kai ya ga abin da muke bukata.

Na daɗe ban shiga ɗakin akwatin ba. Wata Juma'a na shiga shara, na ga tsumman da yake rufe shi da shi ya zame. Ban yi niyyar komai ba. Hannuna ne ya murɗa makunnin yadda ya saba. Akwatin ya yi shuuu na ɗan lokaci, sai ga muryar mai rijiya. Ya kira haruffan da hukuma ta ba Malam, sannan ya ce:

"Mutumin Kazaure, kana ji na? Ga ni nan wurin da muka saba. Lahiya dai?"

Ya jira amsa. Ya sake kira. Na tsaya da tsintsiya a hannu har ya gaji ya yi sallama. Duk wanda ya san Malam an gaya masa, ban da wannan, don ba wanda ya san inda za a aika.

Juma'ar da ta biyo na sake kunnawa, Goggo na zaune a bakin ƙofa tana tsince wake. Wannan karon maganarsa ta fi tsawo.

"Abokina, in wata magana ce na faɗa da ba ta yi maka daɗi ba, ka yi haƙuri, ka san bakin mutanen daji. Rijiyar nan ta kusa ruwa. Da damina ta faɗi za mu tashi, kuma wurin da za a kai mu bayan duwatsu ne, ban sani ba ko murya za ta fito daga can. Ko sallama ce ka yi mini kafin nan."

Malam bai taɓa gaba da kowa ba. Ko yaro ya ɓata wa rai sai ya bi shi har gida. Na ce a raina mutumin nan ba zai tashi daga bakin rijiyarsa da zaton an yanke shi ba. Sai ya ji gaskiya, ya yi wa abokinsa addu'a kamar kowa.

Da Auta ya zo na gaya masa. Bai yi musu ba. Ya ɗauki batirin motar da akwatin ke aiki da shi ya kai tasha aka yi masa caji, ranar Juma'a kuma ya zo ya zauna a kujerar yayansa. Na nuna masa abin magana, na ce in ya danna sai ya yi magana, in ya saki sai ya saurara. Mai rijiya na fara kira Auta ya danna da ƙarfinsa duka.

"Salamu alaikum! Mutanen Faransa! Kuna ji? Salamu alaikum!"

"Sake shi, Auta, ka ba shi numfashi."

"Bari, matar Yaya, wurin da nisa, sai an ɗaga murya."

A gaban akwatin akwai 'yar allura cikin gilashi. In Malam na magana kwance take a hagu. Ranar na ga ta tafi dama ta manne. Kafin in kai hannu na ji warin da na sani. Auta ya saki, muka ji mai rijiya yana ci gaba da kiransa kamar ba abin da ya faru. Ko kalma ɗaya ba ta isa gare shi ba.

Na roƙi Auta ya je Babura wurin malamin asibiti ko nasa zai kai. Ya gwada, bai kai ba, ko motsin mai rijiyar ma ba ya ji. Gyara kuwa bai iya ba, ya ce shi murɗawa kawai ya sani, in nasa ya lalace Kazaure yake kawowa. To, ga shi Kazaure ɗin ce ta lalace.

Ranar Litinin da safe na zuba gawayi a ɗan kaskon Malam na sa wuta. Goggo ta leƙo.

"Tuwo za ki ɗora a wannan?"

"Dalma zan narkar, Goggo."

"Mai takaba?"

"An hana ni kwalli da turare da fita. Ban ji an ambaci dalma ba."

"Ba a ambata ba ne don ba wadda ta taɓa yi. In mata suka shigo gaisuwa suka same ki da ƙarfe a wuta kamar maƙeri, me zan ce musu? Kuma in kin gyara, da wa za ki yi magana? Da namijin da ko fuskarsa ba a sani ba?"

"Auta ne zai yi maganar. Ni gyara ne nawa. Kin dai ji abin da bawan Allahn nan ya ce. Yana zaton ƙaninki ya juya masa baya."

Ta tsaya tana kallon yadda nake fifita garwashin. Can sai ta miƙo hannu.

"Ba ni maficin nan. Haka ake hura wuta? Duk toka kike tayarwa."

Na kwance bayan akwatin. Ban sha wahalar nema ba. Akwai wani abu mai ƙafa uku da Malam ke kira tiransisto, babba guda ɗaya da ke manne da faffaɗan ƙarfe, shi ke tura magana waje. Ya yi baƙi, gefensa ya tsage. Na buɗe gwangwanin da irinsa ke zama, na tarar saura ɗaya tak. Daga Kano aka kawo su tun da daɗewa, kuma ban san lambarsa da zan faɗa wa direba ba balle a sayo wani. Na cire mataccen, na goge wurin, na dasa sabon. Ƙafafunsa uku na liƙa a hankali, ina ji kamar tsinken Malam zai nuno mini ta gaba. Babu tsinke. Na duba na sake dubawa da kaina.

Amma ban kunna ba. Malam ya sha gaya mini cewa wannan abu ba ya ƙonewa haka kawai. In magana ta taso ba ta sami ƙofar fita ba, komowa take yi cikin akwati ta ƙona shi, kuma allurar nan abin da take nunawa ke nan, yawan maganar da ta dawo. In na gwada ba tare da na gano ƙofar da ta toshe ba, na ƙarshen ma zai bi ɗan'uwansa.

Na bi wayar da ta fita daga akwatin ta taga, ta hau sandar gora da ke kan soro. Daga kan sandar, wayar eriyar ta rabu hannu biyu: ɗaya ya tafi darbejiyar tsakar gida, ɗaya ya tsallake katanga zuwa tsamiyar da ke waje wajen duwatsu. Tun rasuwar ban ɗaga kai na kalli sama ba. Da na ɗaga sai na ga wayar tana ƙyalli. Ta Malam ta daɗe da yin duhu. Wannan kuma ta yi ciki ta sauko kamar igiyar shanya, an naɗa ragowarta a jikin darbejiya zagaye da yawa. Wuyan kwalbar da Malam ke sawa tsakanin waya da itace babu shi.

Da Auta ya zo na nuna masa. Sai ya washe baki.

"Sai yau kika gani? Ni na saya."

"Ta da fa?"

"Ranar makoki mutane suka yi yawa, rana ta yi zafi, aka ce a kafa rumfa. Ga zana ga itace, babu igiya. Sai muka sauke wayar Yaya muka yanyanka muka ɗaure. Amma ban bar abin haka ba. Da na je Kano na sayo sabuwa na ɗaura da hannuna. Ta fi waccan kauri, ta kusa ninka ta tsawo. Mu ba ma aron abu mu mayar da shi yadda yake."

"Kwalaben da ke jiki fa?"

"Fasassun kwalaben nan? Na zubar, kada su yanki wani."

Ban yi masa faɗa ba. Haka aka rene su. A gidansu ko kwanon abinci aka kawo musu ba sa mayar da shi wayam, sai an sa wani abu a ciki. Ya yi wa yayansa abin da ya san ana yi wa wanda ake girmamawa. Na dai gaya masa abin da Malam ya gaya mini, cewa eriya kamar hula take, tana da awo, in ta yi yawa ko ta gaza ba ta zama. Fuskarsa ta canza.

"Ke nan ni na ƙona?"

"Ƙarin da ka yi ne ya ƙona. Amma gara da ka ƙara. Da ragewa ka yi, da ba mu da abin yanka."

Guntayen tsohuwar wayar sun bi zana sun koma gidajen masu su, ba a maganar tattaro su. Tsawon kuwa na sani, don ni na riƙe bakin wayar ranar da Malam ya auna: kamu ashirin da biyu kowane hannu. Sai dai da kamunsa ya auna, ba da ma'auni ba. Auta ya naɗe hannun riga ya miƙo.

"Ga nawa. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Kai da rigarsa ke jan ƙasa a jikinka har ka yi aure?" in ji Goggo. "Rufe hannunka."

Na koma ɗaki na zauna. Abin da ya zo mini tsoho ne, tun muna sabon aure. Mai yadi ya kawo farin yadi gida, na auna da hannuna na ce ya cika, Malam ya auna ya ce an cuce mu. Muka yi ta musu. Sai ya ce in kawo hannuna, ya ɗora nasa a kai, gwiwar hannu da gwiwar hannu. Nasa ya wuce nawa. Na sa yatsuna na auna abin da ya wuce, yatsu uku ne cif. Ya daɗe yana tsokanata da shi, wai in za mu saya shi zai auna, in za mu sayar ni zan auna.

Na sa aka kawo mini kara. Na ɗora hannuna a kai, na ƙara yatsu uku, na yanke. Na ɗan jima riƙe da karan nan kafin in fito da shi.

Auta ya sauke wayar muka shimfiɗa ta a tsakar gida. Na auna da karan, na bar taƙi guda a kowane hannu, don Malam bai taɓa yanke abu daidai a karon farko ba, da ragi yake isa wurin. Goggo ta ba da kwalaben man gyaɗarta biyu. Na ɗaura musu zare a wuya, na jiƙa da kananzir na kunna, da ya ci na tsoma su a ruwa, wuyan ya fita sumul. Haka na ga yana yi.

Ranar Alhamis muka yi aikin ragin. Zafin bazara ya kai inda ya kai, tun safe gabas ke tara hadari tana watsarwa. Ni ba na fita, tsamiya kuwa tana waje. Sai Auta ya hau, Goggo ta tsaya a gindin katanga tana kai magana tana kawowa, ni ina ɗaki gaban akwati. Kafin ya hau ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Matar Yaya, takardar izinin nan fa da sunan Yaya take. In hukuma ta ji mu fa?"

"Ka ce ni ce. Mai takaba ba ta fita, sai su jira."

Na mayar da ƙarfin akwatin can ƙasa, yadda ko maganar ta dawo ba za ta yi ɓarna ba. Na yi bisimilla na danna, ƙiftawar ido, na saki. Allura ta tashi zuwa tsakiya. Ba ta manne a dama ba, amma ba nan ne wurinta ba.

"Goggo, ki ce ya rage yatsa biyu."

"Ta ce ka rage yatsa biyu!"

Ya kwance, ya rage, ya ɗaure, ya sauko ya zagayo cikin gida ya hau darbejiya ya rage daidai da haka, don hannuwan biyu ba sa son ɗaya ya fi ɗaya. Na danna. Allura ta ɗan sauka. Na ce a ƙara. Haka muka yi ta yi har rana ta take tsaka, shi yana hawa yana sauka, tururuwan tsamiya na cizonsa.

"Goggo, ki gaya mata ni mai fata ne, ba biri ba!"

"Ta ce birin ma ya fi ka sauri."

"Ban ce ba, Goggo!"

"Kin ce a ranki."

Ranar ce na fara jin dariya ta taso mini tun rasuwar, na kuwa danne ta. Bayan azahar allurar ta kwanta a hagu, kusa da inda na saba ganinta. Auta ya ce a ƙara ragewa ko za ta kwanta gaba ɗaya. Na ce a'a, abin da aka yanke ba ya dawowa, a bar shi nan. Na ɗaga ƙarfin akwatin kaɗan kaɗan ina dannawa, ina taɓa sabon tiransiston da bayan yatsa. Ɗumi kawai ya yi. Da la'asar iska ta taso da ƙanshin ruwa, har aka kwashe shanya, amma bai sauka ba. Ban sani ba ko ya sauka a can arewa.

Ranar Juma'a Auta ya zo da wuri cikin wankakkiyar riga da sabuwar hula, kamar mutumin zai gan shi. Na maimaita masa: a taƙaice, ba ihu, ya danna ya faɗa ya saki. Na tsaya a bayansa inda zan ga allura. Goggo ta shigo ta zauna a ƙasa da carbinta. Hantsi ya yi, akwatin na ta shuuu babu kowa. Auta ya waiwayo ya dube ni. Na ce a jira.

Can sai ga mai rijiya, muryar ƙasa-ƙasa, kamar ta wanda ya zo don kada a ce bai zo ba.

"Mutumin Kazaure. Ga ni dai."

Auta ya danna. Allura ba ta motsa daga hagu ba. Ya ce, "Salamu alaikum," a hankali yadda na ce masa, ya saki.

"Wa alaikumus salam! Alhamdu lillahi! Kai, mutumin Kazaure, ka wahal da ni! Ina ka shiga? Na ce ko ka yi sabon aboki ne a Ingila ka manta da masu laka a ƙafa!"

Ban taɓa lura ba sai ranar. In Auta ya sassauta murya, ta yayansa ce sak. Shi kansa Auta ya ji hakan. Ya danna. Ya saki. Ya sake dannawa, kafaɗunsa suka fara rawa, sai ya ajiye abin maganar a kan tebur ya rufe fuska da hularsa.

"Ina jin ka, abokina, faɗi," in ji mai rijiya.

Na dubi Goggo.

"Ɗauki," ta ce. "Ga ni nan zaune. Faɗa masa."

Na ɗauka. Na sha riƙe abin nan don in liƙa masa waya, ban taɓa kai shi bakina ba.

"Baba, salamu alaikum. Wanda ya yi maka sallama ƙaninsa ne. Ni iyalinsa ce. Mai wannan akwati Allah ya yi masa rasuwa tun ƙarshen sanyi."

Na saki. Shuuu kawai. Ya daɗe har na fara duba allura ko maganar ba ta fita ba. Sannan ya dawo.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita. "Ashe kabari nake kira."

"Baba, mun ji duk kiran da ka yi. Ba ka yi masa laifin komai ba, bai tafi da fushinka ba. Ba mu san inda za mu aika maka ba ne, akwatin kuma ya lalace. Jiya muka gama gyara."

"Wa ya gyara?"

"Ni ce, da 'yan'uwansa."

"To. Mu biyu ke nan ya koya wa." Sannan ya ce, "'Yata, kada ki kashe. Ki jira ni."

Muka ji ya ajiye abin maganarsa a danne, yana kiran mutane da wani harshe da ban sani ba. Takun ƙafafu suka matso, aka yi ta gyaran murya. Sai ya fara addu'a. Ya roƙa wa Malam gafara, ya roƙa masa hasken kabari, ya roƙa ladan duk abin da ya koyar ya bi shi. Kowace gaɓa sai muryoyin maza da yawa su ce amin, mutanen da ba su san Kazaure ba, a bakin rijiyar da ba mu san inda take ba. Goggo ta ɗaga hannu. Auta ya sauke hula daga fuskarsa shi ma ya ɗaga. Aka shafa fatiha can, muka shafa nan.

"Ku shaida," in ji mai rijiya, "babu komai tsakanina da shi sai alheri. Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya sa ki fita lahiya."

Na ce amin, na gode, Allah ya ba da ruwa mai daɗi a rijiyar. Ya yi sallama na amsa.

A cikin makon ruwa ya sauka, mai yawa, har ya gangaro daga dutse ya cika mana tsakar gida. Juma'ar da ta zagayo na shiga ɗakin da hantsi na kunna akwatin, na zauna ina saurare har aka fara kiran sallah. Ba wanda ya kira mutumin Kazaure. Na kashe, na tashi na ɗora abincin rana.